Wufar Sabon Gari da Kwanukan Iya Tabawa

Tun da na dawo daga Sabon Gari ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayinmu na bakin titin Samaru sai wani ya taɓo ni, wai in ba su labarin ƙasar da na je. Wasu har da tambayar ko an buga mini biza. Laifina ɗaya ne: na fita da hantsin Asabar na ce zan sayo sifika in dawo kafin azahar, ba a sake ganina ba sai washegari. Tafiyar da ɗalibai ke yi su dawo tsakanin lacca da lacca, ni sai da na kwana a hanya. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Sai na fara da gida, don in ba ku san gidan ba, ba za ku gane abin da ya sa gabana ya yi ta faɗuwa a tafiyar nan ba. Ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, ina haya a Bomo, gidan Baba Nomau da matarsa Iya Tabawa. Manoma ne, Kiristoci, 'ya'yansu duk sun watse birane, sai suka zuba 'yan haya a ɗakunan. Na daɗe a gidan har na zama kamar ɗa. In na yi zazzaɓi Iya ce mai dama mini kunu, in azumi ya zo ita ke buga mini ƙofa in tashi sahur. Rijiyar gidan ba ta ƙafewa, kuɗin hayar kuma ba zan faɗa a nan ba don kada ku yi mini hassada.

Baba kuwa kunnensa ya tafi tun kafin in zo gidan. In za ka gaishe shi sai ka tsaya a gabansa ya ga bakinka. Da la'asar yakan shimfiɗa buhu a gindin bangon ɗakina inda inuwa ke sauka, ya jingina, ya yi ta kallon kaji har rana ta faɗi. An ce da ƙuruciyarsa makaɗin gangar noma ne, gayyar da babu shi ba ta yin armashi. Ni dai abin da na sani wata ganga ce rataye a zaure, fatarta ta yage, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Doka ɗaya ce a gidan, kuma Iya ce ta kafa ta: ba kiɗa. Ranar da na tare ta ce mini, “Malam, duk abin da za ka ji, ka ji shi a ɗakinka. Ranar da ya tsallako bango, kai ma ka tsallake ƙofar gida.” Na ɗauka barazanar tsofaffi ce, sai da na ga ta fitar da kayan wani ɗalibi tsakar gida da hannunta saboda ya tara abokai sun kunna rediyo. Ya ba da haƙuri, ya turo malaminsa, ya turo fasto, Iya ba ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba. Kuma ɗakina da nata bango ɗaya muka haɗa. A jikin bangon nan, ta ɓangarenta, akwai katakon da ta jera kwanukan aurenta masu fure, waɗanda ba a cin abinci a ciki, gogewa kawai ake yi.

Ni kuma Allah ya jarrabce ni da son fim da kiɗa da wasan yaƙi na kwamfuta. Abin da ya rufa mini asiri duk zaman nan 'yan sifikuna ne guda biyu, ƙanana kamar gwangwanin madara, da wani ɗalibi ya bar mini da zai tafi bautar ƙasa. Ko ka murɗe su har ƙarshe ba sa kaiwa bakin ƙofa. Bam ya tashi a fim sai ka ji kamar an fasa gyaɗa. A daminar bana ta hagu ta fara tari, ta yi shiru. Ta dama ta yi ta fama ita kaɗai har ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, ta yi ɗan hayaƙi ta bi 'yar'uwarta. Abokaina suka ce tun da sakewa za a yi, in sayi mai wufa, wato akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa mai fitar da amon da ke dukan ƙirji. Na ce zan sayi mai wufa, amma 'yar ƙarama, mai kunya, wadda ta san zaman gidan haya. Da wannan niyyar na fita, Allah ne shaidata.

Kuskurena na farko tufafi ne. Na saka farar shaddata ta Juma'a da hula, wai don 'yan kasuwa su ga mutum mai mutunci kada su raina ni. Iya tana shara ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko ɗaurin aure za ni. Na ce kasuwa za ni in sayo wani abin kwamfuta. Kalmar sifika dai ba ta fito daga bakina ba.

A Samaru na shiga bas. Kujerar mutum uku aka cusa mu mu huɗu, aka ce kowa ya gyara. A damana wata ɗaliba ce tana waya, rabi Hausa rabi Turanci, tana ba wata labarin wani malami da ya hana su shiga aji, har muka wuce Zango ba ta numfasa ba. A haguna wata matar soja ce daga Basawa, da jarkar manja tsakanin ƙafafunta, murfin an ɗaure shi da leda. Duk ramin da direba ya faɗa sai manjan ya yi tsalle ya leƙo, ni kuma in tattare shaddata in ɗaga gwiwa. Ta lura da ni ta yi dariya, ta ce in kwantar da hankalina, jarkar nan ta fi ni sanin hanyar. Haka na iso Palladan a takure, ƙafa ɗaya ta mutu, amma shadda tana nan fara tas.

Gadar Kwangila ita ce boda. A nan ƙasarmu ta ƙare. Direba ya duba ya ga fasinja sun ragu, sai ya kashe mota ya ce shi nan ya tsaya, ya sayar da mu ga wata bas da ke gaba ba tare da ya tambaye mu ba. Kafin in taka daga wannan motar zuwa waccan, jami'an bodar suka yi mini caa, wato 'yan kamasho. Wannan ya ja hannun riga yana Kano, wancan ya ja ɗaya hannun yana Funtuwa. Wani ya ga shadda ya yanke hukuncin cewa mai irin wannan shigar ba zai tsaya a Sabon Gari ba, ya tura ni gaban wata mota ya rufe ƙofa. Sai da na rantse masa cewa kasuwa kawai za ni ya sake ni, yana kallona kamar na ba shi kunya.

Na sha shiga kasuwar Sabon Gari, amma ban taɓa shiga layin masu kayan wuta ba sai ranar. A Bomo abin da ya fi komai ƙara injin niƙa ne, shi ma da azahar yake hutawa. A layin nan kowane shago da janaretansa a ƙofa, kowane shago da sifikarsa tana fuskantar ta maƙwabci, wannan na waƙar coci, wancan na waƙar biki, na gaba yana wa'azi, duk a lokaci guda, kuma ba wanda ya damu. Mutane suna ciniki da yatsu da gira. Gaisuwa ma daban take. A gida sai ka tambayi mutum kwana da gajiya da iyali da ruwan jiya kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. A nan kafin ka buɗe baki an riƙe maka hannu ana tambayar me kake nema.

Na zaɓi wani shago saboda mai shi ba ta ja ni ba. Mace ce mai jiki, da tabarau a goshi, ana kiranta Mama Ngozi. Na tattaro ɗan Turancin brokan da na tsinta a bakin ɗalibai na jefa mata, ina jin kaina ɗan gari. Ta saurare ni har na gama wahala, sannan ta ce, “Alhaji, yi Hausanka kawai. Nan aka haife ni, nan aka haifi uwata.” Hausarta ta fi tawa zama a baki. Kunya ta kama ni, amma kalmar Alhaji ta shige ni har ƙashi, don ban taɓa zuwa ko filin jirgi da jaka ba.

Ta tambaye ni na mene ne. Na ce na kwamfuta ne, fim da wasa da kiɗa. Ta ce to lallai mai wufa, don fim da wasa amon ƙasa suke so, kiɗa kuma yana son ƙananan sifikun su fitar da murya tas. Ta nuna mini yadda ake ƙwanƙwasa akwatin a ji ko katako ne ko roba, ta ce na roba in an ƙure shi zuza yake yi kamar ƙuda a kwalba. Ta nuna mini wayar da ke shiga kwamfuta, da yadda wufar ke kama wayar hannu ba igiya, da rimot. Duk ina gyaɗa kai kamar na san su tun a ciki. Sai ta yi tambayar da ta kashe ni: falon babba ne?

A gefena akwai wani soja cikin kayan gida yana zaɓar wadda zai kai bikin suna, ya juyo yana jiran amsar Alhaji. Ɗakina in na miƙe ƙafa a katifa sai in rufe ƙofa da ɗan yatsa. Na gyara hula na ce, “E to, da ɗan girma.”

Ta sauko da guda uku, ƙarama da matsakaiciya da wata da sai da ta sa hannu biyu. Ta kunna ƙaramar, wadda ita na zo saye. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai janareta da wa'azin maƙwabci. Na faɗa mata. Ta ce ai a layin nan ba da kunne ake sayen wufa ba, kunne ba ya aiki a nan, da tafin hannu ake saye. Ta ɗauko ledar ruwan sha ta ɗora a kan akwatin, ta ce in sa hannuna a gefe. Ruwan ya ɗan yi rawar sanyi. Ta mayar kan matsakaiciyar, ruwan ya kama kakkarwa, na ji abin a gwiwar hannu. Da ta ɗora a kan babbar, sai ta miƙa hannu bayan akwatin ta murɗa wani maɓalli har ƙarshe. Ledar ruwan nan ta tashi ta fara tafiya da kanta, ta bi gefen akwatin ta faɗo, sojan ya cafe ta a iska. Masu wucewa suka tafa. Ni kuwa na ji amon a haƙorana da cikin cikina, wani daɗi ya rufe ni irin wanda ban ji ba tun ina yaro ranar da aka fara kai ni kallon majigi.

Ba zan ce ban tuna da Iya ba. Na tuna da ita sarai, har fuskarta na gani a kan akwatin. Amma sai na yi wa kaina lissafin malamin makaranta: abin da aka ƙure shi a nan da ƙyar nake jin sa, in na kai gida na rage shi ai ko ƙadangaren bango ba zai farka ba. Na manta cewa da kunnen kasuwa nake aunawa. Sojan ya ɗauki matsakaiciyar. Alhaji kuwa ya nuna babbar. Tana ɗaure kwalin ta ce mini maɓallin gaba na murya ne, na baya shi ne na amon ƙasa, in na je gida in rage na bayan. Na ce mata na sani. Muka yi ciniki, ta rage mini abin da ta ƙara saboda shadda, muka rabu kowa yana ganin shi ya ci riba.

Yunwa ta kai ni wata rumfar abinci a bayan layin, na bar kwalin a gefen ƙafata. A gida Iya tuwon masara take zubo mini da miyar kuka ba tambaya, in na cinye ta ƙaro. A nan sai da aka yi mini tambayoyi kamar a asibiti: dunƙule nawa, wace miya, nama wane iri. Na ga na kusa da ni yana cin wani farin tuwon rogo da miya mai yauƙi, na ce a ba ni irin nasa. Na tambaya a hankali ko wa ya yanka naman, mai abincin ta ce mahaucin Bahaushe ne, kuma ya fi ni tsawon gemu. Na kai loma ina tauna, na kusa da ni ya ce ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Na ɗebo ta biyu zan gwada haɗiya, miyar ta biyo hannuna kamar igiya, ta tsinke a tsakiyar ƙirjin shaddar da na kare daga manja tun daga Samaru. Barkonon kuma ya sa na yi hawaye, mai abincin ta ɗauka shaddar nake yi wa kuka, ta kawo mini tsumma.

Ina fitowa hadari ya haɗo. Kafin in kai Kwangila ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya ƙarƙashin gada da kwali a ka, ina kallon motocin Samaru suna wucewa a cike. Direban da ya tsaya ya ce kwalin sai ya biya kuɗin kujera, kuma ba kujerar. Sai na tuna Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, tana nan Dogarawa kusa, na tari keke mai ƙafa uku na ce can za a kai ni. Ga abin da ban faɗa muku a wurin mai shayi ba: ruwan ya ɗauke tun kafin magariba, kuma motoci sun samu. Ba ruwa ne ya kwanar da ni ba. Tun da na ɗora kwalin nan a kai na ji nauyinsa, hankalina ya dawo jikina, na fara tunanin yadda zan wuce da shi ta gaban Iya. Sai na tuna gobe Lahadi, da safe Iya da Baba suna coci.

Goggo ta karɓe ni da murna, ta dubi kwalin ta dubi shaddar, ta yanke hukuncin cewa aure zan yi na fara tara kayan ɗaki. Na ce ba haka ba ne. Ta ce ai dama ba a faɗa da wuri. Kafin in idar da sallah maƙwabta biyu sun shigo yi mini fatan alheri, ɗaya har tana tambayar ko 'yar Samaru ce. Aka kawo mini fate da yakuwa mai zafi, wanda ya wanke mini bakin da barkonon kasuwa ya ƙona. Na so in gwada wufar a can in san halinta, amma unguwar ba wuta. Masaukina ɗakin ajiyar masara ne, rufin yana ɗiga ta gefe guda, don haka kwalin ya kwana a kan katifa ni na kwana a tabarma. Da safe Goggo ta ba ni ƙullin daddawa in kai wa Iya, ta ce in gaishe da amarya.

Na shiga Bomo ana tsakiyar waƙa a coci, na lallaɓa kamar ɓarawo a gidan da nake biyan haya. Na tura wufar ƙarƙashin tebur, na manna ta da bango don kada a gan ta daga ƙofa, na jera ƙananan biyu a gefen kwamfuta, na ninke kwalin na cusa bayan katifa. Da suka dawo na kai wa Iya daddawa, ta yi godiya, ta tambayi abin da ya sami shaddata. Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar. Tana zuwa na rufe ƙofa, na rage maɓallin gaba har ya kusa mutuwa, na yi bisimilla na kunna wasan yaƙina. Maɓallin baya kuwa yana nan inda Mama Ngozi ta bar shi.

Da farko lafiya lau, 'yan muryoyi ƙasa-ƙasa, har na fara yaba wa kaina. Sai aka harba igwa ta farko. Ban ji ta a kunne sosai ba, a ƙasa na ji ta. Tebur ya yi tsalle, ƙura ta zubo daga rufi, kaji suka watse a tsakar gida. Aka harba ta biyu da ta uku. Daga bayan bango na ji abin da na fi tsoro a duniya: kwanukan Iya suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowane da muryarsa, na ƙarshe ya daɗe yana juyi a siminti kafin ya kwanta. Na rikice na rasa rimot, na rasa maɓalli, na danna wani abu a kwamfuta da ya ƙara wa yaƙin zafi.

Iya ba ta buga ƙofa ba, turowa ta yi. A hannunta akwai babban kwanon nan mai jan fure, gefensa ya lotse, fentin ya ɓantare. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam, ka tuna abin da na faɗa maka ranar da ka zo?”

“Na tuna, Iya.”

“To ka fara haɗa kaya.”

Na daɗe ban ji baƙin ciki irin na lokacin ba. Ba ɗakin ba ne kawai. Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ni kuma na saka mata da lotsa kwanon aurenta saboda wata ta kira ni Alhaji. Na buɗe baki in ba da haƙuri, igwa ta sake tashi a ƙarƙashin tebur.

Sai ga Baba Nomau a bayanta, yana dafe da ƙofa. Tun da nake gidan bai taɓa shiga ɗakina ba. Ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

“Wa ke kiɗa? Na ji shi a bayana.”

Ya bi bango da hannu yana lalube har ya iso tebur, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, daidai yadda ake yi a kasuwa. Ya rufe ido. Igwa tana ta tashi ba tsari. Can ya girgiza kai ya ce wannan makaɗin bai iya ba, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Ban san inda dabarar ta fito mini ba, ni da dabara ta guje ni tun jiya. Na kashe yaƙin, na lalubo kiɗan gangar noma a wayata, na haɗa. Da gangar ta fara, sai na ga kafaɗar tsohon nan ta motsa. Yatsunsa suka fara bin kiɗan a kan katakon, suna riga shi sauka wani lokaci, kamar mai nuna wa yaro hanya. Ƙafarsa ta kama dukan ƙasa. Sai ya fara kiran sunaye da ƙarfi, yana yi musu kirari, yana cewa su ja kunyar gona su kai ƙarshe. Daga baya na gane sunayen manoman da ya yi wa kiɗa ne, kusan duk sun rasu. Yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Na juya in ga Iya, na tarar ta fita.

Ranar ba a kawo mini tuwo ba, ni ma ban da bakin ci. Washegari na dawo daga makaranta na fara zuba littattafai a kwalin wufar, don Iya ba ta taɓa janye magana ba. Ina cikin haka, wajen la'asar, na ji motsin kwanuka ta bayan bango, a hankali wannan karon, ana ɗauka ana ajiyewa. Jim kaɗan ta leƙo. Ta dubi kwalin da littattafan, ta ce in mayar da su inda suke, ba ta son tarkace a hanya. Sannan ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Ka san abin da ya sa na hana kiɗa a gidan nan? Tun da kunnensa ya tafi, in ya ga yara suna rausaya kai shi bai ji komai ba, sai ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Na ce gara kowa ya rasa.” Ta juya bakin zanenta. “Jiya ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari. Na sauke kwanukan. Kunna masa.”

Dokar dai ba a soke ta ba, gyara aka yi mata, kuma ba don ni ba. Fim da wasa da waƙoƙina an ce in ji su a ɗakina kamar da, don haka na sayi abin sauraro na sawa a kunne na 'yan kuɗi kaɗan a nan bakin titin Samaru, inda ko mota ban hau ba. Wufar da na tsallake boda na kwana a tabarma dominta, aikinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ni ke zaɓar abin da za ta kaɗa ba. Lotsattsen kwanon kuwa Iya ta ƙi yarda in sake mata shi, ta mayar da shi gaban jeren, inda duk wanda ya shiga zai gani ya tambaya, ita kuma ta ba da labarin Alhaji.

Masu cewa ba na zuwa shayin yamma yanzu, ga dalili. Kullum in rana ta karkata, in akwai wuta, sai in ji Baba yana jan buhunsa zuwa gindin bango. Sai in ji kwanuka suna sauka ɗaya bayan ɗaya. In ta ajiye na ƙarshe, sai Iya ta ƙwanƙwasa bangon ta ce, “Malam, ya jingina.”